Wai da gaske komai zai huce ya mutu, har taurari?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga malaman kimiyyar cikinmu ce. Wai masana sun ce in sararin samaniya ya ci gaba da tafiya yadda yake yi yanzu, ƙarshensa sanyi ne da duhu: taurari su mutu ɗaya bayan ɗaya, zafi ya bazu ya daidaita ko'ina, har a rasa abin da zai motsa wani abu. Abin da ya ɗaure mini kai, a sakandare an koya mana makamashi ba ya ƙarewa, sai dai ya sauya kama. To in ba ya ƙarewa, me zai ƙare? Sannan ƙarfe da dutse da ƙasa ina za su? Ruɓewa za su yi, ko haka za su zauna a cikin duhun?

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Sanyi? A Kanon nan? Abba ka shigo Kurmi da azahar a watan Afrilu ka sake yi mana tambayar. In sanyi ne ƙarshen, a gaya masa muna nan muna jira.

Malam_Fizik:
Abba, abin da aka koya maka daidai ne, sai dai rabin karatun aka ba ka. Doka ta farko ita ce ka faɗa, makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ta biyu ta ce zafi da kansa daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, ba ya juyowa sai an biya. Duk abin da ka sani yana aiki, janareta ne ko mota ko jikin ɗan Adam, ba tarin makamashi ke juya shi ba, bambancin da ke tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi ne. Dubi tankin ruwa a saman bene. Ruwan na zuba a famfo ne don yana sama. In ya sauko ya malale a tsakar gida, ko ɗigo bai ɓata ba, amma ya gama zuba a famfon kowa. To abin da zai ƙare ke nan, tudu da gangaren, ruwan kam yana nan.

William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya rubuta wannan tunani a 1852, cewa makamashi mai amfani kullum zurarewa yake yana zama ɗumin da ba ya aiki. A 1865 Rudolf Clausius na Jamus ya kawo ma'aunin wannan bazuwa, entirofi, ya ce na halitta baki ɗaya kullum sama yake yi. Ranar da ya kai ƙololuwa, ita ake ce wa mutuwar zafi.

Hajiya_Kwari:
Malam ban yarda ba. Ni firjina ruwan famfo nake zuba masa da daddare, da safe in kwashi ƙanƙara. Ai ga shi nan zafi ya bar mai sanyi ya fita. Ko firjin bai san dokar ba ne?

Sani_AC:
Hajiya wannan layina ne, bari in shigo. Gobe in firjin na aiki ki zura hannu bayansa ki taɓa ƙarafunan nan, ko gefensa in irin na yanzu ne. Za ki ji zafi. Wannan zafin ruwanki ne da kwamfuresa ta kwaso ta zubar a ɗakin, haɗe da nata zafin na wutar da ta ci. Abin da ya fito baya kullum ya fi abin da aka cire a ciki. Shi ne biyan da Malam ya ce, kuma mita ce shaida.

An taɓa kirana wani shago a Sabon Gari, mai shagon na ta faɗa wai an sayar masa da jabun AC. Da na je sai na tarar injin wajen a wani ɗan lungu aka kafa shi, an rufe da langa-langa saboda ɓarayi, ko taga babu. Lungun ya ɗau zafi har bango ba ya taɓuwa, injin yana shaƙar iskar da ya fitar, kwamfuresa na yankewa tana tashi. Ban ƙara masa gas ba, ban kwance komai ba. Langa-langar na sa aka yaye aka yi ragar ƙarfe, shago ya yi sanyi. In babu wuri mafi sanyi da za a zubar da zafi, inji ba ya aiki, ko na nawa ne.

Malam_Fizik:
Madalla da Sani. Wallahi ya fi ni bayani. Yanzu ku ƙaddara lungun nan shi ne halitta gaba ɗaya, kuma babu wajen da za a yaye wa langa-langa.

Maman_Ilham:
To ni nawa ruɗanin daban ne. In komai watsewa yake, ya aka yi ƙwayar gero ɗaya take zama zangarniya, jinjiri ya zama saurayi? Wannan ai taruwa ce.

Ummi_BUK:
Anti, rana ce ke biyan kuɗin. Fuskar rana tana da zafin digiri kusan 5,500, sararin da ke kewaye da mu kuwa digiri 270 ne ƙasa da sifili. Duniyarmu tana karɓar haske mai kauri daga can, ta yi aiki da shi, da daddare da rana tana mayar da kusan daidai adadinsa sama a matsayin ɗumi mai rauni. A tsakanin shigar da fitar ne ake samun damina da gero da mu kanmu. In aka haɗa lissafi da ranar, bazuwar ce dai ke ƙaruwa.

Ita ranar a kowace daƙiƙa tana narka haidirojin tan miliyan 600 ya zama hiliyom. Shekarunta biliyan 4.6, saura mata kamar biliyan 5. Daga nan ta kumbura ta yi ja, ta haɗiye duniyoyin da suka fi kusa da ita, ta watsar da ɓawonta, a bar ƙwallon cikinta mai girman duniyarmu yana hucewa a hankali. Amma ba sai an kai can ba. Haskenta ƙaruwa yake kaɗan-kaɗan, nan da shekara kamar biliyan 1 tekuna za su fara ƙafewa.

Dan_Kurmi:
Kun ji ko? Ashe zafin ne dai zai fara zuwa. Na faɗa muku.

Ustaz_Gwale:
Jama'a a yi hattara da irin wannan zance. Mu Musulmi mun san duniya za ta tashi, kuma ba lissafin biliyoyi ne zai kawo ta ba, busa ƙaho ne, kwatsam. Sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai. Suratut Takwir ta gaya mana za a naɗe rana, taurari su zube. Mutum ya zo ya ce saura wa rana shekara biliyan 5, wa ya ba shi wannan lamuni?

Malam_Fizik:
Allah ya gafarta Malam, babu wanda ya ba da lamuni. Lissafin yana da sharaɗi a gabansa: in abubuwa suka ci gaba bisa sunnar da muke gani. Ana duba yawan man da ke cikin tauraro da saurin cinsa, a ce zai kai kaza. Wannan bai ce komai ba a kan abin da Mai abin zai zartar gobe. Ni haka nake gaya wa ɗalibaina, kuma cikinsu akwai mahaddata.

Baffa_Hotoro:
Ni a ganina ma Alƙur'ani ya riga ya raba gardamar. A Suratul Anbiya an ce za a naɗe sama kamar naɗin takarda. Akwai masanan da suka ce faɗaɗar za ta tsaya, komai ya dawo ya dunƙule wuri ɗaya. Wannan shi ya dace da ayar, ba zancen sanyin nan ba.

Ustaz_Gwale:
Alhaji Baffa, nan kuma ni da kai za mu saɓa. Kada ka ɗaure aya a jikin hasashen da gobe za a iya warwarewa. In ka ce ayar ita ce dunƙulewar nan, sai awo ya zo ya ce babu dunƙulewa, me za ka gaya wa yaron da ka koya wa haka? A bar aya a matsayinta, a bar masu awo su yi awonsu.

Ummi_BUK:
Baba, dunƙulewar da ka faɗa an daɗe ana ɗaukarta da muhimmanci. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna galaksi-galaksi, wato manyan garken taurari, na nisantar juna, kuma an zaci janyewar nauyi za ta riƙa rage musu gudu. A 1998 rukuni biyu na masana suka auna da fashewar taurari masu nisa don su ga nawa gudun ya ragu, sai suka tarar ƙaruwa yake. Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess suka karɓi kyautar Nobel a 2011 a kan wannan. Abin da ke turawar aka sa masa suna baƙin makamashi. In ƙarfinsa bai canza ba, babu dawowa, shi ya sa mutuwar zafi ta zama hasashen da ya fi rinjaye.

Wani abin da ni ke tsaya mini a rai: nan da shekara biliyan 100 da wani abu, duk galaksin da ba na unguwarmu ba zai yi nisan da haskensa ba zai ƙara iso mu ba. Wanda zai duba sama a lokacin, tasa kaɗai zai gani, ba shi da hujjar da Hubble ya samu.

Injiniya_Sharada:
Ƙanwata kin yi ƙoƙari, amma ki faɗa wa jama'a sauran. Abin da muka sani, wato atam da duk abin da aka gina da shi, kashi 5 ne cikin 100. Kashi kamar 27 wani ɓoyayyen abu ne da nauyinsa kawai ake gani, kashi kamar 68 shi ne baƙin makamashin, kuma babu wanda ya san mene ne shi. Da wannan za a yanke hukuncin shekara tiriliyan? Shi kansa Kelvin ɗin da Malam ya kawo, ya yi lissafin shekarun duniya da ilmin zafi, a ƙarshe ya tsaya a miliyan 20 zuwa 40. Yau biliyan 4.5 ake faɗa. Ba ƙaramin masani ba ne, akwai dai abubuwan da ba a gano ba a zamaninsa, ciki har da makamashin cikin atam. Me zai hana mu ma akwai namu?

Kuma ga na kusa. Aikin DESI da ake yi da madubin hangen nesa a Arizona ta Amurka, sakamakon da suka fitar a 2024 da 2025 ya nuna alamar ƙarfin baƙin makamashin na iya zama yana raguwa. Bai kai a ce an tabbatar ba, amma alama ce.

Abba_Fagge:
Na gode ƙwarai, na fahimci na farkon. Amma har yanzu ba a taɓo rabin tambayata ta biyu ba. A ce taurari sun mutu. Ƙarfen da dutsen fa?

Nura_Sola:
Kafin a amsa masa, don Allah masu cewa rana za ta mutu ku rage murya, mu da ita muke ci. Kada kwastoma ya ji ya ce in rage masa kuɗin fanel.

Malam_Fizik:
Nura garantinka ba zai kai can ba, kwantar da hankalinka.

Abba, a bi shi daki-daki. Taurari ba tare za su mutu ba. Manya su ke saurin cinye mansu, wasu cikin shekara miliyoyi kaɗan. Ƙananan jajaye, irin Proxima Centauri da ta fi kowace kusa da rana, a hankali suke ci, suna iya kai tiriliyoyin shekaru. Ana kuma ci gaba da haifar sababbi muddin akwai iskar haidirojin. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne wajen shekara tiriliyan 100 za a daina haihuwar, na ƙarshe su mutu. Ka tuna yanzu duka-duka biliyan 13.8 aka yi. Abin da zai rage gawarwaki ne: ƙwallayen taurari irin ranarmu, dunƙulen nutiron na manya, baƙaƙen ramuka (wuraren da janyewar nauyinsu ko haske ba ya kuɓuce mata), da duniyoyin da suka daskare. A tsawon zamani suna gilma wa juna, mafi yawa a cilla su waje daga galaksi, kaɗan su faɗa babban ramin tsakiya.

To dutsenka yana cikin waɗanda aka cillar, shi kaɗai a duhu. Makomarsa ta rataya a kan tambaya ɗaya da har yau ba a amsa ba: furoton, wanda ke cikin ƙwayar kowane atam, yana ruɓewa ko ba ya ruɓewa? Wasu nazariyoyi sun ce yana yi. A Japan akwai Super-Kamiokande, tanki ne na tataccen ruwa tan 50,000 a cikin dutse, mita 1,000 ƙarƙashin ƙasa, bangonsa shafe da dubban idanun lantarki, tun 1996 suna jiran walƙiyar furoton ɗaya da ya fashe. Ba su gani ba. Daga rashin ganin aka san in ma yana ruɓewa, rayuwarsa ta wuce shekara 1 mai sifili 34 a bayansa. In yana yi, to bayan wannan zamani babu ƙarfe babu dutse, atam kansa ya tafi, sai haske mai rauni da 'yan ƙwayoyi marasa nauyi irin ilektiron da nutirino.

Hajiya_Kwari:
Tsaya Malam. Abin da sai ya yi waɗannan sifilan kafin ya faru, ya za a yi a zauna gaban tanki ana jiransa? Wa zai kai?

Ummi_BUK:
Hajiya da yawa ake cin abin. Ba furoton ɗaya ake kallo ba, a tankin akwai fiye da 1 mai sifili 34 ɗinsu. Ba tare suke mutuwa ba, kowa da ranarsa, don haka in adadin ya kai haka, cikin 'yan shekaru ya kamata wani ya faɗi a gaban ido. Shi ya sa yanzu suke gina wanda ya fi shi girma, Hyper-Kamiokande, a yankin dai.

Baffa_Hotoro:
In kuma bai ruɓe ba fa?

Malam_Fizik:
Sai ƙarfe ya ci gado. Ƙwayar ƙarfe tana cikin waɗanda suka fi kowace ɗaurewa tam, shi ya sa babban tauraro in cikinsa ya kai ga ƙarfe wutarsa ta ƙare ke nan. Freeman Dyson ya yi lissafi a 1979 cewa in aka ba da isasshen lokaci, ƙananan ƙwayoyi za su riƙa haɗewa, manya su riƙa rabewa, duk su nufi ƙarfe. Lokacin kuwa 1 ne mai sifili 1,500. Ban san yadda zan sa ku ji girman wannan adadi ba, don ko ni rubuta shi kawai nake yi.

Dan_Kurmi:
Allahu akbar. Tarihi ya ce tama ce ta kawo maƙeran farko gindin Dala, da ƙarfe aka kafa garin nan. Ashe 'yan ƙira ne da riba a ƙarshe. Sai a gaya wa mutanen Ƙofar Ruwa su riƙe kayansu, kada su karyar.

Sadiya_Dorayi:
Ni fa zancen nan tayar mini da hankali yake. Na karanta tun daga sama, sai na ji jikina ya mutu. Ba tsoron mutuwa ba ne, wannan kowa ya sani. Tsawon shirun ne.

Maman_Ilham:
Sadiya sha ruwa ki yi salati. Babu mai rai da zai zauna cikin shirun balle ya dame shi.

Injiniya_Sharada:
Baƙaƙen ramukan da Malam ya ambata ya wuce, su ne za su fi kowa daɗewa, kuma su ma ba dawwama za su yi ba in lissafin Stephen Hawking na 1974 ya tabbata. Ya nuna suna fitar da ɗan ɗumi, suna ramewa. Amma ku lura, rami mai nauyin rana ɗuminsa bai kai kashi 1 cikin miliyan na digiri ba sama da ƙarshen sanyi, sararin yau kuwa yana da digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyin. Ke nan yanzu sararin ya fi ramin zafi, ramin ne ke sha. Sai sarari ya faɗaɗa ya huce ya koma ƙasa da shi kafin ramewar ta soma. Dokar lungun Sani ce dai. Mai nauyin rana zai ɗauki shekara 1 mai sifili 67. Na tsakiyar galaksinmu, wanda aka fitar da hotonsa a 2022, nauyin rana miliyan 4 gare shi, nasa ya fi haka nesa ba kusa ba. Mafiya girma sai wajen sifili 100. Sai dai in ƙara da cewa wannan ɗumin na Hawking babu wanda ya taɓa auna shi, a takarda yake.

Abba_Fagge:
To Injiniya kai wane ɓangare kake? Ɗazu kana rushe hasashen, yanzu kana ba da adadinsa.

Injiniya_Sharada:
Ina ɓangaren a faɗi abu da sharaɗinsa. Doka ta biyu ba na jayayya da ita, kullum ina ganinta a tukunyar tururin masana'anta. Mutuwar rana da taurari ma na yarda, don ana ganin taurari a kowane mataki na rayuwarsu, daga jarirai har gawa. Daga nan gaba ne ƙafata ke sanyi. In baƙin makamashi ya raunana har ya juya, maganar Alhaji Baffa ta dunƙulewa na iya dawowa. In ƙaruwa yake, akwai lissafin 2003 na Robert Caldwell da abokansa da ya ce zai yayyaga galaksi, ya yayyaga taurari, har atam, tun kafin a kai ga sanyin. Uku ke nan, kuma abin da zai zaɓa a cikinsu ba mu san shi ba.

Malam_Fizik:
Ban ƙi ba, amma kada a sa su a sikeli ɗaya. Awon da ke hannu ya fi karkata ga faɗaɗa ba tsayawa. Raguwar da DESI ta hango, ko ta tabbata, ba ita ce juyawa ba. Abu na iya rage turi sarari ya ci gaba da faɗaɗa, a ƙare a sanyin dai.

Ustaz_Gwale:
Ku dai ku ci gaba, ina karantawa. Abin da na roƙa kawai, duk wanda zai kwashi wannan ya kai wa yara, ya kai da sharaɗin da Malam da Injiniya suka faɗa.

Sani_AC:
Malam tambaya ɗaya ta rage mini. In komai gangarowa yake daga tudu, ke nan a farko an fara ne daga can ƙololuwa, komai a tsare. Me ya sa aka fara a haka? Ni dai ban taɓa ganin gas ya matse kansa a silinda ba.

Ummi_BUK:
Yaya Sani, wannan tambayar manyan masana ma suna kanta. An yarda farkon yana da ƙarancin entirofi ƙwarai, in ba haka ba da babu taurari babu mu. Roger Penrose ya yi lissafin yadda samun irin wannan farko bisa katari yake da matuƙar wuya. Dalilinsa kuwa, kimiyya ba ta da amsar da aka haɗu a kai. Zan kai wa malaminmu na ilmin zafi ranar Litinin in ji ta bakinsa, in ya ba ni abin kamawa zan kawo nan.